Littafin Aike: Darussan da Na Koya Daga Kuɗin 'Yan Ci-Rani

A cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun gona da na makaranta, akwai wani littafi mai shafi tamanin, irin wanda 'yan firamare ke yin lissafi a ciki. Bangonsa ya yi laushi don shan hannu. A layin farko na rubuta watan Satumba na shekarar 2016, a gabansa kuma: riyal ɗari uku, na Inna. Aiken farko ke nan da ƙanena ya yi mana daga Jidda, wata biyar bayan ya tafi Umara ya ƙi dawowa.

Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, mahaifiyarmu 'yar ƙasar Ƙanƙara ce, matata kuma daga Sabuwa aka kawo mini ita. Da yake ina da asusun banki na albashi, kuma alƙalami na hannuna, sai dangi ta ɓangarorin nan uku suka mayar da ni mashigar aike. Na Jidda ta hannuna yake bi, na Libiya ma haka, har da na yaran da ke haƙar zinariya a Nijar da Mali. Ba a biyana ko sisi. Idan kuɗi sun iso in sha addu'a, idan sun makara in sha harara. A shekaru tara na wannan aiki na ga abin da kuɗin waje ke ginawa a gidajenmu, na ga abin da suke rushewa, kuma ni kaina na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa.

Darasi na farko: fita tsohuwar al'ada ce, dalilin fitar ne ya sauya

Ranar da ƙanena ya buga waya ya ce ba zai biyo jirgin dawowa ba, Inna ta yi kuka, Baba kuwa ko gezau. Cewa ya yi, "To, jinin kakansa ne ya motsa." Kakanmu bafatake ne. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya zauna a zangon Kumasi har ya yi iyali. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar Gana, ya dawo gida da tabarma da buta da 'ya'ya huɗu, ya bar rumfarsa da bashin da yake bin mutane. Kafin shi ma akwai waɗanda suka nufi Makka a ƙasa, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira ta Sudan don neman guzuri, wasunsu can suka tsufa.

Amma a zamanin Baba, ƙasarmu ta riƙe mutanenta. Auduga ta yi daraja, daga gonar iri ta Daudawa zuwa injin gurza na Funtuwa da masaƙar da aka kafa daga baya. Masarar Sabuwa da ta Faskari ita ke cika kasuwar Ɗandume, shanu na cika kasuwar Sheme, a Ƙanƙara kuma ga farar ƙasa ana haƙa. Saurayi kan tafi ci-rani ne bayan an gama girbi, ya yi ga-ruwa ko dako a Kaduna ko Legas, hadarin farko na haɗuwa sai ka gan shi ya dawo da rediyo da turmin atamfa, ya ɗauki garmarsa.

Yanzu da damina ake tafiya. Na ga samari suna hawa mota a tashar Funtuwa a watan Yuli, lokacin da ya kamata a ce suna bakin noman farko. Wanda ya san abin da ya faru a Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yuni na 2020, inda 'yan bindiga suka kashe gomman mutane cikin yini guda, da kuma daren 11 ga Disamba na shekarar, da aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari uku daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba zai tambayi saurayi dalilin barin gona ba. Ci-rani ya koma ci-damina. Kakanmu riba ya tafi nema, jikokinsa kuwa da yawansu tsira suke nema. Wannan bambanci yana bin kuɗin har gida, domin wanda ya fita a guje ba ya zaɓen aiki, ba ya cinikin lada, kuma ba shi da ranar dawowa.

Darasi na biyu: abin da ya iso hannunka ragowa ne

Bankin Duniya kan ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje na aiko da kimanin dala biliyan 20 a shekara. Kaso mai tsoka na wannan daga likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan jinya na Amurka da Ingila yake fitowa, ta banki, da rasit. Namu ba ta nan yake bi ba. A lokacin ƙanena ba shi da iƙama, wato takardar zama, don haka ba ya iya shiga wurin aika kuɗi ya miƙa takarda. Sai ya kai riyal ɗinsa wurin wani Bahaushe ɗan kasuwa a can Jidda. Shi kuma ya buga wa abokin hulɗarsa ɗan canji na Wapa a Kano waya, na Kano ya zuba mini naira a asusu. Riyal ɗin ba ya tsallako teku. Can yake zama, a sayi dogayen riguna da dabino da turare da shi, a yo wa Kano lodi. Babu takarda, babu sa hannu, amana ce zalla, kuma kowane hannu da kuɗin suka bi sai ya ɗan lasa. Ko ta halastacciyar hanya ma, aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Wannan cizon 'yan canji ne kawai. Babban cizon a jikin mai aikowa yake. Shekara biyu ina zaton ƙanena a kanti yake aiki, don a hotunan da yake turowa jallabiyarsa fara ce tas, ga agogo. Wata rana da dare ya kira, muryarsa a dushe, ya ce, "Yaya, kada ka gaya wa Inna, ƙafata ce ta kumbura." A nan na san wankin mota yake yi da rana, da dare ya yi dakon siminti, su tara suke kwana a ɗaki guda, kuma ko asibiti ba ya iya zuwa don tsoron a tambaye shi takarda. Jallabiyar ta aro ce, ta ɗaukar hoto. Tun daga ranar, duk lokacin da wani a gida ya ce a ciro daga "kuɗin Makka" a yi anko, ƙafar nan nake tunawa.

Kuma aike hanya biyu gare shi, ba a faɗa wa mutane wannan. Ɗan kawuna na ƙasar Ƙanƙara ya bi ta Jibiya da Maraɗi zuwa Agadas a 2017. Lokacin dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure tana aiki, direbobin Hilux sun daina bin hanyar da ke da rijiyoyi, suna ratsa sahara ta ɓoyayyun hanyoyi, kuɗin mota ya ninka. Guzurinsa ya ƙare kafin Sabha ta Libiya, direba ya miƙa shi ga abin da su can suke kira gidan bashi. Daga nan aka kira mu, muna jin ana dukansa yana kiran sunan mahaifiyarsa. Kawu ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ni na kai kuɗin Kano aka tura. A littafina akwai shafi guda da na rubuta da jan biro: kuɗin da suka fita daga ƙauye zuwa ƙasar waje. Sai da yaron ya yi shekara biyu yana aikin gini a Tarabulus kafin abin da ya aiko ya kai kuɗin shanun. A ƙarshen 2023 sojojin da ke mulkin Nijar sun soke waccan doka, hanya ta sake buɗewa, amma sahara ba ta san an soke doka ba.

Darasi na uku: a hannun mai karɓa ake yin arzikin ko a ɓatar

Ga nawa laifin. A 2018 ƙanena ya turo kuɗin kwano da katako na ɗakuna uku da muka tayar masa a ƙauye. A makon sai wani ɗan'uwanmu ya zo har gida ya durƙusa, yana neman rancen kuɗin taki, ya ce da kaka zai biya. Na duba girman zumunci, na ce ai rufi zai iya jira, na ba shi ba tare da na tambayi mai kuɗin ba. Kaka ta zo, ya kawo rabi. Ruwan damina ya riga ya cinye katangar ɗaki guda, kuɗin bandir ɗin kwano kuma ya tashi. Da na gaya wa ƙanena, bai yi faɗa ba. Shiru ya yi, sannan ya ce, "Yaya, da ka tambaye ni, da na ce ka ba shi. Amma da na san na ba shi." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida uku. Ba na taɓa sisin wani sai da muryarsa, kuma in ajiye saƙon muryar a WhatsApp. Duk abin da na saya sai in ɗauki hoton rasit in tura. Sannan ba na barin naira ta kwana a asusu: in kuɗin abinci ne a sayi hatsi tun da kaka, in na ajiya ne a sayi tunkiya ko bulo. Mutane sun ce na cika ƙa'ida kamar ma'aikacin haraji. Na yarda. Na san gidaje a yankinmu da wa da ƙane ba sa ga-maciji saboda kuɗin aike, mutum ya yi shekara bakwai yana turo kuɗin gini, ya dawo ya tarar da fili da ciyawa.

Akwai kuma abin da ban zata ba. Bayan wancan kuskure, ƙanena ya ce a riƙa ware kashi ɗaya cikin uku ana ba matarsa a hannunta. Dattawan gida suka yi gunaguni, wai yaushe aka fara ba mace ajiya alhali maza na nan. Ita kuwa ba ta ce uffan ba. Ta shiga adashi, ta sayi keken ɗinki, bayan shekara ta ƙara da injin markaɗe. Kuɗin da suka bi ta hannunmu mu maza, da yawansu a biki da suna da gaisuwar mutuwa da fita kunyar jama'a suka tafi, don mu ake tarewa a ƙofar masallaci. Nata kuwa suna cikin gida suna haihuwa. In yau aka ce in ba mai tafiya shawara guda, zan ce ya buɗe wa matarsa ko mahaifiyarsa asusu kafin ya hau mota.

Darasi na huɗu: kwanon da ke ƙyalli, daga daji ma ana hango shi

A ƙarshe dai mun rufa ɗakunan. Sabon kwano, ƙofar ƙarfe, siminti har zaure, ga faranti mai kama hasken rana a bisa. A ƙauyen da yawancin gidaje na ƙasa ne, gidan ya zama abin kwatance. Muna murna, ashe talla muke yi.

A daminar 2021 'yan bindiga suka zo da dare a kan babura. Ba su bi gida-gida ba, kai tsaye ƙofarmu suka nufa, suka tafi da Baba. Da suka kira, na fara roƙo ina cewa mu talakawa ne, ni malamin firamare ne. Wanda ke magana ya yi dariya ya ce, "Malam, bar wannan zance. Ba ɗanku ne a Makka ba? Ba ranar Laraba aka turo muku kuɗi ba?" Jikina ya mutu. Ranar Larabar kuwa aka turo. Wanda ya kai musu wannan labari ba daga daji ya zo ba. Yana cikin waɗanda muke haɗa sahu da su, ko cikin masu zama kusa da mai POS suna kallon wanda ya cire da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kwana ashirin da shida Baba ya yi a hannunsu. Abin da ƙanena ya tara na shekara uku, da bashin da ya ciwo a wurin abokan kwanansa, da gonarmu ta bakin rafi da muka jinginar, duk suka tafi, har da katin waya da suka sa a haɗa musu. Baba ya dawo da ƙafafu a farfashe, bai ƙara kwana a ƙauyen ba.

Muna cikin wannan jinya gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar matakan tsaro a ƙarshen Agusta: aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ita kanta Funtuwa. An yi ne don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana da masu kai musu rahoto, kuma ban ce babu hujja ba. Amma wata uku da aka yi babu layi sun nuna mini yadda rayuwar gidaje da yawa ta rataya a kan waya. POS ya mutu, saƙon banki ba ya shigowa, na waje ba ya jin na gida. Duk ranar Asabar nakan hau mota zuwa Zariya da jerin sunaye a aljihu, in kunna waya saƙonni su yi ta zubowa, in ciro kuɗin gida takwas in ɗaure a ƙugu, in dawo ina addu'a a hanya. Wata tsohuwa daga Sabuwa ta ce mini, "Ɗan nan, ni ba kuɗin ba, ka dai ce masa ya yi magana ka ɗauko mini muryarsa."

Abin da ya biyo baya shi ne sauyi mafi girma da na gani. Kuɗin waje sun daina gina ƙauye. Duk mai ɗa a Saudiyya ko Libiya, fili yake nema a Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya ko Katsina, kuɗin filaye da na haya suka yi sama a garuruwan nan. Wanda ya rage a ƙauye kuma ya koyi ɓoye samu: ya ci nama ya goge baki, ya bar katangarsa a zube da gangan, in an tambayi ina ɗansa ya ce yana Legas yana acaba. A wasu ƙauyukan, aiken da a da ake sayen taki da shi, yanzu da shi ake haɗa harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi shuka ko a kwashe amfani. Wato yaro na dakon siminti a Jidda, guminsa na ƙarewa a aljihun wanda ya kore shi daga gonar ubansa. Gidanmu mai sabon kwano yana nan, jemagu ke kwana a ciki.

Darasi na biyar: riyal na hawa, buhu na hawa, tunanin yara na sauyawa

Lokacin da na buɗe littafin nan, riyal ɗaya bai wuce naira ɗari da 'yan kai ba a kasuwa. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi, shi tashi yake. Bayan an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, riyal ya kai wajen naira ɗari huɗu. A takarda, aiken ƙanena ya ninka fiye da sau uku. A kasuwar Ɗandume kuwa buhun masara da na taki da kuɗin mota duk sun bi shi a guje. Kafin wannan ma mun sha wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da kuɗinka na asusu amma sai ka saye su a wurin mai POS kamar kayan miya. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: a shekarun nan, gidan da ke da mai aike ya ci sau uku a rana lokacin da maƙwabcinsa ke ci sau ɗaya. Aike ya biya kuɗin asibiti, ya biya na jarrabawa, ya rufa asirin zawarawa da marayu. Wanda ya ce kuɗin ci-rani ba su amfani jama'armu ba, bai zauna da mu ba.

Sai dai yara ma suna lissafi. A ajin da nake koyarwa na tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama. Wani yaro ɗan gudun hijira daga ƙasar Faskari ya miƙe ya ce, "Malam, ni Libiya za ni." Na ce karatun fa? Ya ce, "Malam, yayana bai gama firamare ba, kuma abin da yake turowa a wata ya fi albashinka." 'Yan aji suka yi dariya, ni ma na yi, don bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba shi ne, cikin waɗanda suka tafi tare da yayan nasa, akwai wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Mai nasara ke turo hoto. Wanda rami ya rufta da shi a wurin haƙar zinariya, ko ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku, ba ya turo komai.

Aure ma ya ji a jikinsa. Lefen da ɗan ci-rani ke haɗawa ya zama ma'auni, saurayin da ke gida yana noma ko koyarwa ya koma ɗan kallo. Mata kuma sun shiga hanya. Ƙanwar matata, bazawara mai 'ya'ya uku daga ƙasar Sabuwa, wani dillali ya yi mata biza zuwa Saudiyya aikatau, bisa sharaɗin albashinta na watannin farko nasa ne. Uwar ɗakinta ta karɓe fasfo ranar da ta isa. Tana turo kuɗi, 'ya'yanta na makaranta, an daina yi musu kallon abin tausayi. Amma autarta, da aka bari tana shekara biyu, kakarta take kira Umma, uwar kuwa ta san ta ne a fuskar waya. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ji Hausawa, kuma tarbiyya na cikin abubuwan da ba a aikowa.

Darasi na shida: kowane ɗan ci-rani yana da ranar dawowa, ko ya shirya ko bai shirya ba

A 2017 hukumomin Saudiyya sun yi afuwa ga marasa takarda su fita ba tara, ƙanena ya ƙi, ya ce bai tara komai ba. A 2020 annobar korona ta sa aka dakatar da Umara aka kafa dokar hana fita, ya yi watanni ba aiki, har mu muka riƙa yi masa addu'ar abin da zai ci. A ƙarshen 2024 aka kama shi a bakin aiki, aka kai shi Shumaisi, sansanin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, tsakanin Jidda da Makka. Bayan makonni ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu da silifa a ƙafa. Yadda kakanmu ya dawo daga Kumasi shekara hamsin da biyar kafin nan, haka jikansa ya dawo daga Jidda.

Bayan ya huta, na ɗauko littafin na ajiye a gabansa, muka bi shi shafi-shafi har dare ya raba. Kashi mafi girma ya tafi a ci da sha da magani, wannan ba asara ba ce, don da shi iyayenmu suka rayu. Kashi na biyu kuɗin fansar Baba. Na uku gidan ƙauye da ba mai kwana a ciki. Abin da ya tarar a tsaye abu uku ne: rabin fili a bayan garin Funtuwa, keken ɗinki da injin markaɗen matarsa, sai 'yarsa ta fari da ke aji biyu a babbar sakandare. Injin nan da dattawa suka yi wa gunaguni, shi ya ciyar da gidan a watanni shidan farko na dawowarsa. Ya rufe littafin ya ce, "Yaya, ashe abin da na sa a kan mutum da sana'a ne kawai ɓarawo bai iya ɗauka ba." Yanzu yana sayar da hatsi a kasuwa, ƙafar na damunsa in sanyi ya shigo, kuma duk saurayin da ya zo neman shawarar tafiya, sai ya fara nuna masa ƙafar kafin ya ce komai.

Ban rubuta wannan don in hana kowa fita ba. Wanda gonarsa ta gagare shi shiga, ba ni da bakin ce masa ya zauna. Roƙona ga mai tafiya shi ne ya bi ta hanyar da ke da takarda, kada ya jinginar da gonar gado don dillali, kuma ya faɗa wa na gida gaskiyar wahalar da yake sha, domin hoton jallabiyar aro shi ke sa a yi wa kuɗinsa cin tuwon gayya. Ga hukuma kuma, daga ƙananan hukumominmu uku har zuwa Katsina da Abuja: 'ya'yanmu na waje sun nuna za su iya turo jari, abin da ba za su iya turowa ba shi ne tsaro. Ranar da manomin Faskari zai kwana a gonarsa, ɗan kasuwar Sabuwa ya bi hanyar Ɗandume ba fargaba, iyayen Ƙanƙara su kai yaro makarantar kwana su yi barci, ranar ce kuɗin aike za su koma sayen taki da shanun huɗa.

Kai kuma da kuɗin ɗan'uwanka ke bi ta hannunka, ka nemi littafi tun yau, ka rubuta kowace naira, ka kama bakinka a bainar jama'a. Abin da ke shigowa wayarka gumin wani ne, kuma wata rana zai dawo ya zauna a gabanka ku yi lissafi.